Sugansa bai kai ba, amma likita ya ce zuciyar ce abin ji

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani su taimaka mini. Maigidana shekararsa 47, ɗan kasuwa ne, daga mota sai shago, daga shago sai mota. Makon jiya ya je asibiti saboda wani ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Aka auna jininsa 158 bisa 96, suga kuma kafin ya karya 6.3. Likita ya ce bai kai ciwon suga ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Abin da ya ɗaure mini kai, sai likitan ya bar zancen suga ya koma zancen zuciya. Ya sa tef ya auna masa ciki, ya duba bayan wuyansa, ya rubuta gwajin kitsen jini da na ƙoda, ya ce ya dawo a sake auna jinin kafin a tsayar masa da magani. Yanzu yayyensa sun ce neman kuɗi ne kawai. Ni dai na rasa na kamawa. Me ya haɗa suga da zuciya, balle sugan da bai ma kai ba?

Alhaji Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Likitocin yanzu in ka je da ciwon yatsa sai sun rubuta maka gwaji goma. Kakanninmu tuwo suka ci safe da dare, suka sha fura, suka kai tamanin da casa'in ba su san wani 6.3 ba. Ya rage shan zaƙi kawai, shi ke nan.

Nas Hauwa: Alhaji, ranka ya daɗe, kakan naka da ƙafa yake zuwa gona, ya yini yana duƙe da fartanya, ya dawo da ƙafa. Furarsa gero ne da nono, ba a ɗura mata suga cokali biyar ba. Ba ya buɗe rana da shayi mai kauri da burodi, bai san lemon kwalba ba. Tuwon ɗaya ne, jikin da ake zuba wa ne ya canja.

Maman Ilham, likitan nan ya yi daidai, ki riƙe shi. Bari in fara daga tushe. Duk abin da muka ci na hatsi, tuwo ne, shinkafa ce, taliya ce, burodi ne, ciki yana narkar da shi ya koma suga ya shiga jini. Sai wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, ta saki sinadarin insulin. Aikinsa ya ƙwanƙwasa wa tsoka da hanta da kitse ƙofa su karɓi sugan. To idan teɓa ta taru a ciki, mutum kuma ba ya motsa jiki, sai waɗannan sassan su fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Ya ƙwanƙwasa ba a buɗe ba. Sai fankiriyas ta ninka abin da take fitarwa don a ji ta dole. Shekara da shekaru ana haka, suga yana fitowa lafiya lau a gwaji, amma da ihu ake riƙe da shi. Ranar da kika ga ya fara haurawa zuwa 6.3, ai gaɓar ce ta fara gajiya. Ba yau matsalar ta fara ba, yau ne dai ta fito fili.

Maman Ilham: Ikon Allah. To bayan wuyan fa, me yake nema a can?

Nas Hauwa: Ki duba da kanki. In akwai wani baƙi-baƙi mai kauri a lanƙwasar wuya ko hammata, kamar dauɗa amma ko an dirje ba ya fita, sau da yawa alamar insulin ne ya yi yawa a jini. Na sha ganin uwa tana dirje wuyan 'yarta da soso har ya yi ja, tana ce mata ƙazama, alhali ba wanka ba ne matsalar.

Maman Ilham: Wallahi akwai. Na ɗauka gogar wuyan riga ce.

Issoufou Maradi: Salamu alaikum, ni lambobin ne suka rikita ni. Nan wajenmu an ce mini sugana 1,13. Ya ke nan? Nawa ya fi nasa sauƙi sau biyar?

Dakta Bashir: Malam Issoufou, kai da maigidan Maman Ilham matsayi ɗaya kuke, ma'auni ne ya bambanta. A Nijar da giram a lita ake faɗa, a Najeriya wasu da milimol, wasu na'urorin gida kuma da miligiram. 6.3 ɗin nan in ka ninka da 18 zai ba ka 113, shi ne 1,13 naka. Ciwon suga yana farawa daga 7.0, wato 126, wato 1,26, idan an tabbatar da gwaji na biyu. Ƙasa da 5.6, wato 100, shi ne lafiya. Tsakanin nan kuwa shi ne bakin ƙofar da aka faɗa.

Yanzu tambayar Hajiya. Kowace jijiyar jini tana da wani siririn shafe a cikinta, santsi gare shi, kamar cikin sabon tiyo. Wannan shafen ba ado ba ne, shi ke sakin wani sinadari da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, ya kuma hana jini kamawa. A jiki mai lafiya insulin yana taimaka masa wajen wannan aikin. Idan jiki ya daina jin insulin, shafen ma yana daina ji, sai jijiya ta fara tauri. Wannan ɗaya.

Insulin mai yawa kuma yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa, jini ya hau. Kun ga 158 ɗin da 6.3 ɗin ba baƙin juna ba ne, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Hanta ita ma sai ta shiga tura maiƙo cikin jini, kolestarol (wani nau'in kitsen jini) mai share jijiya ya ragu, mai maƙalewa kuma ya koma ƙanana masu sauƙin kutsawa ƙarƙashin shafen nan. Da sun kutsa sai jiki ya turo dakarunsa, wurin ya kumbura, ya zama tudu. Idan sugan kansa ya hau, yana manne wa sunadaran jikin jijiya ya ƙara musu tauri. Daga ƙarshe jinin mai irin wannan matsala ya fi saurin yin guda. Wata rana tudun ya fashe, guda ya toshe hanya. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. In a ƙafa ne, gyambon da ba ya warkewa har a kai ga yankewa.

Ba sabon zance ba ne. Wani likita na Jami'ar Stanford a Amurka, Gerald Reaven, ya haɗa waɗannan abubuwan wuri ɗaya a wata lacca a 1988, ya ce tushensu ɗaya ne. Mai cikakken ciwon suga haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki a kansa ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi, kuma haɗarin ba ya jira sai an kai 7.0 kafin ya fara hawa. Jijiya ba ta karanta takardar gwaji.

Hajiya Binta: Maman Ilham, ki saurare ni, ni abin a gidana ya faru. Marigayi maigidana shekara tara yana da suga. Mutum ne mai kiyayewa, yana da na'urarsa, kullum da asuba sai ya tsira yatsa ya rubuta a wani ɗan littafi mai jan bango. Har yau littafin yana cikin durowata. Amma maganin hawan jini ya ce yana sa shi fitsari, ya ajiye. Sigari kuma yana sha a ɓoye, ni na sani, shi ma ya san na sani. Wata ranar Laraba bayan la'asar ya ce ƙirjinsa na masa zafi-zafi kamar ƙwarnafi, yana ta gumi alhali lokacin sanyi ne, har rigarsa ta jiƙe. Ya ce olsa ce. Na kawo masa farin maganin nan na kwalba ya sha, ya kishingiɗa a kan kujera. Ba ihu, ba riƙe ƙirji irin na fim. Sai bayan isha da numfashi ya fara gagara muka tafi asibiti. Likita ya duba takardar awon zuciya ya ce tun ɗazu abin ya faru, har ma akwai alamar ya taɓa yin wani a baya bai sani ba. Kwana huɗu ya yi. Lambar da ya rubuta a littafin nan safiyar ranar, 7.2 ce. Mu duk sugan muke gadi, ɓarawo ya shigo ta baya.

Malam Tijjani: Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya. Allah ya ba ku haƙuri.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa. Jikina ya yi sanyi.

Nas Hauwa: Amin. Abin da Hajiya ta faɗa kowa ya riƙe. Suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, shi ya sa mai suga zai iya taka ƙusa bai ji ba. Haka zuciyarsa ma za ta iya toshewa bai ji ciwon da wani zai ji ba. Mai suga in ya ce ƙwarnafi tare da gumi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko kasala ta rufe shi farat ɗaya, ko ciwo a muƙamuƙi ko hannun hagu, a tafi asibiti a lokacin, kada a jira safiya.

Injiniya Sani: Allah ya jiƙan musulmi. Amma Dakta, tunda ka yarda insulin ne tushe, me ya sa kuke ta cika mutane da ƙwayoyin kolestarol? Ni wata takwas ke nan na bar tuwo da shinkafa da burodi gaba ɗaya. Nama, ƙwai, man shanu, ganye. Na sauke kilo 14, sugana ya dawo 5.1. Kolestarol ɗina ya hau, amma na ji masana da yawa a YouTube suna cewa ba shi da laifi, suga ne kaɗai mai laifi. A bar sitaci, a bar magani, a huta.

Dakta Bashir: Injiniya, kilo 14 ba wasa ba ne, na jinjina maka. Rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma zai iya kai mutum kabari. Akwai mutanen da ake haifa da gadon kolestarol mai yawa. Siraran mutane, sugansu lafiya, insulin ɗinsu lafiya, amma suna samun bugun zuciya suna da shekara talatin ko arba'in, wasu ma tun suna yara. In da suga ne kaɗai mai laifi, me ya kama su? Suga da hawan jini suna farfasa bango, kolestarol shi ne abin da ke shiga cikin tsagar. Ka gyara bango ka ƙaro abin shiga, ban ce ka tsira ba. Ka kai wa likitanka sakamakon ya gani, kuma ka rage man shanun nan ka koma wa gyaɗa da kifi da wake.

Injiniya Sani: To ai kun ce suga ke ɓata jijiya. In na sauke shi ƙasa sosai ba shi ke nan ba?

Dakta Bashir: An gwada wannan. A Amurka da Kanada an yi wani babban bincike mai suna ACCORD, mutum sama da 10,000 masu suga waɗanda ke cikin haɗarin ciwon zuciya. Rabi aka matsa musu da magunguna don a mayar da sugansu kamar na mai lafiya. A 2008 aka dakatar da wannan ɓangaren, saboda mutuwa ta fi yawa a cikin waɗanda aka matsa wa. A wannan shekarar kuma aka fitar da bibiyar wani bincike na Birtaniya, UKPDS, wanda ya nuna waɗanda aka kula da sugansu da kyau tun farkon gano ciwon sun ci ribar abin a zuciyarsu shekara goma bayan an gama binciken. Ka haɗa biyun: kulawa da wuri tana da riba mai tsawo, tsere da lamba bayan jijiya ta riga ta lalace kuwa yana iya cutarwa. Saukar da suga ya fi nuna amfaninsa a ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Zuciya kuwa sai an haɗa mata da saukar da hawan jini da kolestarol da barin taba. A Denmark an gwada haɗa su duka a wani bincike da ake kira Steno-2, aka ga ciwon zuciya da na jijiya ya ragu da kusan rabi.

Injiniya Sani: Ban gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma zan sake gwajin.

Abu Mai Magani: Jama'a duk wannan dogon Turancin ba shi ne ba. Akwai haɗin gargajiya da ke wanke jijiya tas cikin kwana 21, ya kori suga har abada. Mai buƙata ya yi mini magana ta gefe.

Shugabar Zaure: Malam Abu, an sha faɗa ba a talla a nan. Na goge hoton da ka saka. In aka sake, fita ce.

Alhaji Ɗanladi: To Dakta, ni fa ƙanena siriri ne kamar sanda, suga ya kama shi. Ni kuma da tumbina lafiyata ƙalau. Ina zancen teɓa ya tsaya?

Nas Hauwa: Alhaji, yaushe rabonka da gwaji?

Alhaji Ɗanladi: Tun lokacin tafiya Hajji.

Nas Hauwa: Wace shekara?

Alhaji Ɗanladi: 2019.

Nas Hauwa: To “lafiyata ƙalau” ɗin nan ta tsufa, ranka ya daɗe. Kuma tunda ƙanenka na da shi, kai ma kana layi, don ciwon yana bin jini. Siriri ma yana kamuwa. Wani kitsen nasa a hanta yake da kewayen hanji, ba ka gani daga waje. Wani kuma fankiriyas ɗinsa ce ba ta iya fitar da insulin isasshe tun farko, kuma wannan ana ganinsa sosai a nan Afirka. Sikeli ba ya faɗin komai. Tef ɗin tela ya fi shi gaskiya: a auna ciki daidai cibiya, kada ya kai rabin tsawon mutum.

Malam Tijjani: Ina da ƙari kan maganar Dakta. Ni a unguwarmu ban cika jin an ce wane ya yi bugun zuciya ba, amma shanyewar ɓarin jiki kam, a layinmu kaɗai mutum uku. Ko mu namu salon daban ne?

Dakta Bashir: Ka lura da kyau, Malam. A Afirka ta Yamma shanyewar jiki da gazawar zuciya sakamakon hawan jini sun fi fitowa fili, ko da yake toshewar jijiyar zuciya ma tana ƙaruwa a birane, kuma da yawa ana binne su da sunan “faɗuwa ya yi” ko “olsa ce”. An yi wani babban bincike kan shanyewar jiki a Najeriya da Ghana mai suna SIREN, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya a ciki. Hawan jini ne ya zo na ɗaya da tazara mai nisa, sannan matsalar kitsen jini, ciwon suga, girman ciki da ƙarancin cin ganye suna cikin jerin. Saboda haka a wajen maigidan Maman Ilham, 158 ɗin nan ya fi 6.3 gaggawa. Wani abu kuma, baƙar fata sau da yawa maiƙon jininsa da ake kira tiragilisarayid ba ya hawa sosai ko da jikinsa ya daina jin insulin. Kada wanda ya ga nasa daidai ya ɗauka an wanke shi.

Ummu Safiyya: Dakta, an ce akwai gwajin da ke nuna sugan wata uku. Ni AS ce, an ce mini ba ya yi wa masu sikila daidai. Gaskiya ne? Kuma mu mata fa? Lokacin cikin autana an ce sugana ya hau, yaron ya zo da kilo 4.3, bayan haihuwa aka ce ya sauka.

Dakta Bashir: HbA1c sunansa. Yana auna sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, daga kashi 6.5 cikin ɗari ciwon suga ne, 5.7 zuwa 6.4 bakin ƙofa. Ga mai SS ba a dogara da shi, saboda ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa. Ga mai AS ya danganta da irin na'urar ɗakin gwajin, don haka ki gaya musu kafin a ɗibi jinin. Sugan da ya hau lokacin ciki kuwa gargaɗi ne, ko ya sauka. Ki riƙa gwaji lokaci-lokaci, kada ki wuce shekara uku ba ki yi ba, ki haɗa da awon jini. Mace kafin ta daina al'ada tana da wata kariya daga ciwon zuciya da namiji ba shi da ita, amma ciwon suga yana cinye mafi yawan wannan kariyar.

Maza kuma, tunda ba za ku tambaya ba bari in faɗa. Raunin mazakuta a wajen mai teɓa ko mai suga sau da yawa saƙo ne daga jijiyoyin jini, don na wurin sirara ne, su ke fara toshewa kafin na zuciya. Maimakon a nufi mai maganin ƙarfin maza a tasha, a je a auna jini da suga.

Alhaji Ɗanladi: Dakta, akwai mata a zauren nan fa.

Hajiya Binta: Alhaji, ai mu ne muke jinya. A bar shi ya faɗa.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. To yanzu me zan yi a aikace? Ni ce mai tukunya.

Nas Hauwa: Albishirinki, a matakin da yake ana iya juyawa. A Amurka an yi gwaji kan masu bakin ƙofa irinsa, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwa da ciwon suga ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka bai wa ƙwayar maganin suga ta metformin kuma da kashi 31. Kin ga ƙafa ta fi ƙwaya. Mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya ake nema, ba a ce ya koma saurayi ba.

Ki fara da abin sha, can ne ɓarnar ta fi yawa. Robar lemo ta 50cl tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 12, wato duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini. Maltina da zoɓon da aka cika wa suga da kunun aya mai zaƙi duk gida ɗaya ne. Zuma ma suga ce, kada a yaudare ki. Tuwo ba a ce a daina ba, a rage malmala, a ƙara miyar ganye, zogale, rama, kuɓewa, wake. Dunƙulen miya gishiri ne, in kin sa shi ki rage gishirin. Sannan in ya ci abincin dare kada ya zube a kujera. Tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci tana sa tsoka ta zuƙe suga ko da insulin bai ƙwanƙwasa ba.

Issoufou Maradi: Mu namu shayin ne matsala, ƙaramin kofi uku bayan kowane abinci, kuma kun san yadda ake zuba masa suga.

Malam Tijjani: Malam Issoufou, ka tsaya a na farko mai ɗaci, ka bar wa yara na ukun.

Injiniya Sani: Ni dai har yanzu ina ganin a bar tuwon gaba ɗaya ya fi.

Nas Hauwa: Injiniya, kai ka iya sayen nama da ƙwai kullum. Mai iyali goma fa? Abin da mutum zai iya riƙewa shekara ashirin ake nema.

Maman Ilham: Na dawo. Na karɓo tef wajen maƙwabciyata mai ɗinki, na ce masa awon sabuwar shadda zan kai. Ciki santimita 108, tsawonsa 172. Rabi 86 ke nan, ya wuce da 22. Na karanta masa abin da Hajiya Binta ta rubuta, ya yi shiru, can ya ce ranar Litinin zai je gwajin kitsen da na ƙodar, kuma kada in gaya wa yayyensa. Ya yarda zai riƙa zuwa sallar isha a masallacin bakin titi da ƙafa maimakon na ƙofar gida. Lemon ne ya ce a bar masa ɗaya ranar Juma'a.

Alhaji Ɗanladi: Nas Hauwa, gwajin nan da safe ake zuwa kafin a karya? Shayi ba madara ma ba a sha?

Nas Hauwa: Ruwa kawai, Alhaji, awa takwas. Ka taho da sakamakon mu gani.